Girman kujera da ƙarancin iko: ciwon da ke cin ofisoshinmu a Zamfara

Ranar Juma'a 24 ga watan Mayu 2019, ana cikin azumi, saura kwana biyar a rantsar da sabuwar gwamnati, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da har gobe ana labarinsa a majalisun Gusau. Kotu ta ce APC ba ta yi zaɓen fidda gwani na ƙa'ida ba a jihar, don haka tun farko ba ta da ɗan takara, ƙuri'un da aka zuba mata duk sun bi ruwa. Mukhtar Shehu Idris da aka riga aka shelanta ya ci kujerar gwamna da ƙuri'a sama da dubu 500 sai ga shi a gida, Bello Matawalle da bai kai dubu 200 ba shi aka rantsar ranar 29 ga wata. Sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, hukunci ɗaya ya kwashe su gaba ɗaya, har da kujerar sanatan da gwamna mai barin gado Abdul'aziz Yari ya ci. Mutanen da sun gama ɗinkin ranar rantsuwa, wasu har an fara kiransu kwamishina a unguwa, suka wayi gari ba su da ko kujerar kansila.

In ka bi diddigi kuma ba wani abu ya jawo haka ba illa an ƙi saurara wa juna. Ɓangaren gwamna na ganin jam'iyya a tafin hannunsu take, ɓangaren su Sanata Kabiru Marafa da sauran 'yan takara na ganin ba wanda ya isa ya ɗora masu mutum, kowa ya ja daga har wa'adin kammala fidda gwani da hukumar zaɓe INEC ta sa na 7 ga Oktoba 2018 ya wuce. Kowane ɓangare na da jama'a, yana da kuɗi, yana da 'yan amshin shata masu ce masa ranka ya daɗe kai ne Zamfara, amma ikon da duk suke taƙama da shi a jikin wata ƙa'ida yake rataye, ƙa'idar da ke rubuce a takarda wadda ba ta san fuskar kowa ba.

Ni ba tsohuwar rigima na zo tonowa ba, waɗanda suka yi ta ma sun shirya sun sake ɓatawa. Abun da ya dame ni shi ne wannan ciwon na mutum ya ɗauka ya fi ƙarfin da yake da shi, yana nan daram a ƙananan ofisoshinmu kullum ta Allah, kuma can babu Kotun Ƙolin da za ta farkar da kowa, talaka ne ke kwana a ciki.

Ka shiga sakatariya, ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, da misalin ƙarfe goma na safe. Za ka tarar da benci a baranda mutane sun jeru, ga tsoho riƙe da fayil da ya yi laushi don yawo, ga malamar makaranta da goyo ta taso tun daga Gummi ko Shinkafi don a sa mata hannu a takardar ƙarin girma, kuɗin mota ya ci wani kaso na albashinta ga kuma fargabar hanya da ta kwaso tun daga gida. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce, "yallaɓai bai hito ba tukuna." Wajen sha biyu mota ta tsaya, direba ya buɗe ƙofa, masinja ya sheƙo ya karɓi jaka, yallaɓai ya wuce ta gaban bencin nan bai ko ɗaga ido ba balle sallama, a ja ƙofa, a tada janareta saboda esi ɗin ofis ɗaya tak. Jim kaɗan sai ka ji "shina mitin", daga nan azahar ta yi, daga nan "ya tahi gidan gwamnati, ku dawo gobe." Hannun nan da ake jira wallahi bai wuce aikin minti biyu ba. Malamar nan kuma ko ta nemi inda za ta kwana a Gusau, ko ta sake bin hanyar da ta zo da zuciya a hannu, ɗalibanta kuma yau ba darasi, gobe ma babu.

Na daɗe ina tunanin me mutum ke samu a irin wannan, sai na gane a tunaninsa tsawon layin da ke ƙofarsa shi ne ma'aunin girmansa, in ba a jira shi ba gani yake an raina shi. Alhali in ka duba da kyau wannan bawan Allah ko takardar buga wasiƙa ba ya iya saye sai an sa masa hannu daga sama. Sakula ɗaya daga ofishin shugaban ma'aikata ta isa ta ɗauke shi daga kujerar ta kai shi inda ko tebur babu. Shi ma in ya je gaban kwamishina haka yake tsayawa, murya ƙasa-ƙasa, yana jiran a ce ya zauna, kuma wani yaro sa'an ɗansa da aka ba muƙamin mai ba da shawara wata uku da suka wuce, don dai yana da lambar gidan gwamnati, sai ya rusa shawarar da ya shekara talatin yana koyon yadda ake yanke ta. Wulaƙancin da ya kwaso daga sama shi yake zuwa ya juye a kan mutanen benci. Ikon ofis kamar wutar NEPA ce a jikin waya, wayar ba ta da wuta tata ta kanta, bi ta kawai ake yi, ranar da aka ɗauke daga can sama yaro ma sai ya kama ta ya yi wasa.

Toh wa ke riƙe da ofis ɗin a zahiri? Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san amsar. Akwai masinja ɗan mataki na 3 ko na 4 da ya ga daraktoci sun zo sun tafi, shi ya san kabad ɗin da kowane fayil yake. Akwai magatakardan rijista, akwai akantan da ya san bocar da za a biya wannan watan da wadda za ta kwana, akwai yaron kwamfuta da ke shigar da sunaye a takardar albashi. Sabon darakta ya zo da zafinsa ya yi ta faɗa, in waɗannan suka ga dama sai su ce ba a ga fayil ba, shi ke nan magana ta mutu, ba abin da ya iya. Kuma kar wani ya ce ina wanke su, a'a. Da yawansu sun koyi darasin daga sama, su ma so suke a roƙe su, fayil ba ya motsi sai an ba da na goro, maigadi ma in ya samu ƙofa sai ya nuna maka shi ma wani ne. An kai mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kowa ya san ba ya kai magidanci ƙarshen wata, amma talauci bai zama hujjar ɓoye takardar matar da mijinta ya rasu tana neman haƙƙin marayu ba. A tsakanin waɗannan da waɗancan akwai mutanen kirki da ke ɗauke da aikin a wuyansu, su ke rubuta rahoto, su ke zuwa ƙauye, su ke kwana a kan kasafi, in an zo yabo kuma sunan wani ake kira, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Amma ɓarnar da ta fi girma ba a benci take ba, a ɗakin mitin take. Oga ya kawo magana, kowa a wurin ya san akwai gyara, injiniya ya san fanfon da ake cewa an gama ko tona shi ba a yi daidai ba, jami'in lafiya ya san maganin bai isa asibitin ƙauye ba, amma sai a bi layi ana "yadda yallaɓai ya faɗa haka ne." Wanda ya yi ƙarfin hali ya ce ranka ya daɗe akwai matsala, gobe sai ga kwiri, ko a danne masa ƙarin girma, ko a yi masa canjin wurin aiki. Kuma a Zamfarar yau canjin wurin aiki ba ƙaramin horo ba ne, a tura mutum mai iyali wani ƙauye ta hanyar Dansadau ko cikin dajin Zurmi magana ce ta rai da mutuwa, kowa ya san haka, shi ya sa baki ke mutuwa. Sai labari ya riƙa wankuwa yana hawa, a ƙauye fanfo ya lalace, a ƙaramar hukuma ana kan gyara, kafin ya kai teburin kwamishina an kammala jama'a na godiya. Babban da ke sama ba lallai mugu ba ne, wani lokacin da gaske ya yarda aiki na tafiya, domin ya kori duk wanda zai gaya masa akasin haka da hannunsa, ya bar masu faɗa masa abin da kunnensa ke so.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna 2010. Yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida, sama da yara 400 suka rasu. Akwai ofisoshin lafiya, akwai na muhalli, akwai na ma'adinai a tarayya, kowanne da shugabansa da motarsa da hatiminsa, amma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara ankarar da duniya bayan sun ga yawan sabbin kaburburan yara. Garin Bagega kuma sai 2013 aka fara kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa saboda jinkirin sakin kuɗi daga Abuja. Ban ɗora wa mutum ɗaya laifi ba, tsari ne gaba ɗaya wanda mummunan labari ba ya iya hawa cikinsa da wuri, saboda kowane mataki na tsoron ɓata wa na sama rai.

Ba haka kawai muka tsinci kanmu a nan ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata sama da dubu 10 a faɗin ƙasa, da yawa a rediyo suka ji, niyyar gyara ce amma darasin da ma'aikacin gwamnati ya ɗauka shi ne kujerarsa ba ta da tabbas, gara ya bi mai mulki sau da ƙafa ya kuma tanadi na gobe tun yana kai. A nan gida kuma da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba 1996 daga tsohuwar Sakkwato, murna muka yi kuma ta cancanta, amma manyan guraben muƙami suka buɗe da yawa lokaci ɗaya, a daidai zamanin da sauran hanyoyin arziki ke rufewa. Masaƙar Gusau da ta ciyar da dubban gidaje ta durƙushe, jirgin ƙasan da ya isa Kauran Namoda tun 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga ya zama tarihi, daga baya noma da kiwo ma 'yan bindiga suka hana. Sai gwamnati ta zama kusan ita kaɗai ce babbar mai ɗaukar aiki, kujera ta zama hanyar arziki da suna da aure da komai. In wuri ya zama haka dole a riƙa ƙirƙirar ofis don a samar wa mutum kujera, ba don akwai aikin da ke jiran ofis ba. A 2023 gwamnatin Dauda Lawal ta rage ma'aikatu daga 28 zuwa 16, ka je ka tambayi manomi a Bungudu ko Maradun wane aiki ne ya tsaya masa saboda an rufe sha biyu, amsarsa za ta gaya maka nawa ne daga ciki dama na jama'a.

In ka fita daga Gusau abun ya fi ɗaci. Ƙananan hukumomi 14 gare mu, a takarda shugaban ƙaramar hukuma shi ne jagoran tsaro da ci gaban yankinsa, ana ce masa zaɓaɓɓe, yana da jiniya da 'yan rakiya. A zahiri shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, abin da aka ga dama shi ake sakar masa, har sai da Kotun Ƙoli ta ce ranar 11 ga Yuli 2024 a riƙa tura masu kuɗinsu kai tsaye kuma a daina ɗora kantomomi, kuma ko bayan hukuncin aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa a ƙasar. Da yawan masu riƙe da waɗannan kujeru a Gusau suke kwana, sai ƙarshen wata ake ganinsu. A can ƙauye kuma wa ke da iko? Mutumin da ke cewa ba za a shiga gona ba sai an biya kaza, ba za a girbe ba sai an ƙara kaza, a kawo masa mai da abinci, har shari'a yake yankewa tsakanin mutane. Ba shi da ofis ba shi da takardar kama aiki, amma in ya yi magana gari na rawa. Wallahi ba daɗi nake ji ina rubuta wannan ba, amma duk mai riƙe da muƙami a jihar nan da ke kumbura don an buɗe masa ƙofar mota ya kamata wannan ya hana shi barci, domin ainihin abun da ake kira hukuma, wato ta kare ran mutum da gonarsa ta kuma zama ita kaɗai ke karɓar haraji, shi ne ya suɓuce a wurare da dama, aka bar mu da jiniya da lambar mota.

Masarautu ma ba su tsira ba. Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka zo aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sarki ya koma uban ƙasa mai ba da shawara, albashinsa da sandarsa duk a hannun gwamna. A Kebbi maƙwabtanmu an sauke Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005. A nan an sauke sarakunan Zurmi da Dansadau a 2022 bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. A Yulin shekarar kuma masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru, jagoran 'yan bindiga da jami'an tsaro ke nema, sarautar Sarkin Fulani, ƙasa ta ɗauka, gwamnati ta dakatar da sarkin nan take. Wannan abu ɗaya ya tona asirin komai, rawani ya tashi ya bi inda ƙarfi yake don neman zaman lafiya, shi kuma mai naɗa rawanin takarda ɗaya ta isa ta dakatar da shi. Duk da haka kullum ƙara rububin sarauta ake, duk wanda ya samu muƙami ko ya yi kuɗi sai ya nemo rawani, a cika gari da fosta, a yi hawa, a kira maroƙa, wanda bai samu rawani ba ya nemo Dakta ko Ambasada ya liƙa a gaban sunansa. Ina girmama sarauta ƙwarai, har yanzu akwai hakimai da dagatai da ke zaune cikin jama'arsu a wuraren da ma'aikaci ba ya yarda ya kwana, wasu sun rasa rayukansu a kan haka, kuma su ne ake ci wa fuska in aka mayar da rawani kayan ado.

Na san abin da wasu za su ce, cewa girmama na gaba tarbiyyarmu ce, kuma ofis ba ya tafiya in kowa na gardama da shugaba. Gaskiya ne, ba na kiran a raina kowa, duk wurin da babu babba babu ƙarami ya lalace. Akwai ma uzurin da ya kamata a yi wa masu muƙami, domin mutum na samun kujera dangi da 'yan unguwa da abokan firamare za su yi masa caa, tun asuba ƙofar gidansa cike da masu takardar asibiti da masu neman aiki, albashinsa ba zai ɗauka ba, wani rufe ƙofar da ɗaure fuskar kariyar kai ce. Na yarda da wannan. Amma girmamawar da aka koya mana tafe take da nauyi a kan babba, shi ya sa aka ce babba juji ne, shi ke haɗiye ɓacin rai, shi ake kai wa kuka ya saurara. Mun riƙe rabin da ke cewa ƙarami ya durƙusa, mun yar da rabin da ke cewa babba ya ɗauki nauyi. Kuma wannan damuwar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, a tsakiyar jihadi wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga mutane sun fara karkata ga neman muƙami da dawaki da tufafi sun bar abin da aka fito dominsa, sai a Kano aka shawo kansa ya dawo. Mutumin da ke cikin manyan jagororin tafiyar ke nan, ya ga alamar ciwon tun daular ba ta gama tsayuwa ba.

Mu jama'a kuma mu ke hura wutar. In aka samu shugaba mai sauƙin kai, yana zuwa ofis ƙarfe takwas, yana tuƙa kansa, yana cewa a bi layi, sai mu ce ba shi da kwarjini, bai san mulki ba, ko mu ce maƙo ne da shi don bai raba abin da ba nasa ba. Wanda ya zo da ayarin motoci ya watsa kuɗi a taron biki shi ne namiji, ba mai tambayar daga ina. Yanzu ga sojojin baka a Facebook, yaro ya kammala jami'a ba aiki, an ba shi kuɗin data ya wuni yana wa wani kirari yana zagin duk wanda ya yi tambaya, ba na ganin laifinsa shi kaɗai domin yunwa ba ta da kara, amma shi oga karanta wannan kirarin yake yi da daddare ya ɗauka muryar jama'a ce.

Dokar aiki kuma ba ta da ruwa da kirari, shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, sai a miƙa makulli. Na ga tsohon darakta a wani ofis ya zo bin haƙƙinsa, babbar rigarsa wankakka amma ta ga kwanaki, yana tsaye a gaban wani yaro da shi ya sa hannu aka ɗauke shi aiki, yana cewa "ɗana don Allah duba mani ko sunana ya hito a wanga wata." Yaron bai yi masa rashin kunya ba, ya miƙe ya ba shi kujera ya ce Baba ka yi haƙuri ba a saki kuɗi ba tukuna, abin da ya iya ke nan. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce ta gaji bashin garatuti na sama da naira biliyan 13 da ya taru tun daga 2011, kuma ta shiga biya. Ka yi tunanin mutum nawa suka rasu suna jira. Abun da ke ba ni takaici shi ne da yawan waɗanda suka sha wannan wahalar sun taɓa zama a kujerun da za su iya matsawa a gyara tsarin fansho lokacin da muryarsu ke da nauyi, amma a lokacin ba wanda ya ga kansa a layin.

Gyaran ba sai an kira bita a otal an raba alawus ba. A sa wa kowane fayil wa'adi, in takarda ta shiga ofis a rubuta ranar a ba mai ita shaida, in ta wuce sati biyu a tebur ɗaya mai teburin ya yi bayani a rubuce, kuma wannan ya shiga cikin abin da ake dubawa kafin a ƙara masa girma. Garatuti a biya shi bisa ranar da mutum ya yi ritaya, a liƙa jerin sunayen a bango kowa ya ga inda yake, ta yadda ba sai tsoho ya nemi ɗan majalisa ya yi masa hanya ba. Canjin wurin aiki ya daina zama bulalar dukan mai faɗin gaskiya, wanda aka tura wuri mai haɗari a tura shi bisa tsari da ƙarin alawus, ba don ya yi magana a mitin ba. Manyan sakatarori da daraktoci su ware rana ɗaya a sati ƙofa a buɗe, su fito da kansu su ji abin da ya kawo mutane, rabin matsalolin a tsaye za a kashe su.

Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su koma su zauna inda aka zaɓe su, in wurin bai zaunu gare su da 'yan sandan rakiya ba, to su faɗa da bakinsu a rubuce cewa bai zaunu ba, a daina aiko rahoton komai lafiya. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, ba sirri ba ne, amma mutumin Bakura ko Tsafe ko Birnin Magaji ba ya ganinsa. A rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa ranar da take ci, nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, nawa ya rage, me aka yi da shi, da sa hannun shugaba da ma'aji a ƙasa.